Na'urar Suya da Iska, Kasko a Kan Gas, ko Gawayi: Wanne Ya Dace da Girkin Gida a Garwa da Marwa?

A 'yan shekarun nan na'urar nan da ake rubuta Air Fryer a jikin kwalinta ta fara cika shagunan kayan lantarki na Garwa, Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, har ta soma shiga jerin kayan ɗakin amare, masu talla a Facebook da WhatsApp kuma suna cewa tana soya komai ba tare da ɗigon mai ba. Uwargidan da ta kwashi adashinta, da maigidan da aka dame shi da maganar a sayo, duk tambayarsu ɗaya ce: shin wannan abu zai yi aiki a girkin yau da kullum, ko kuwa bayan wata biyu zai koma saman kabad ya sha ƙura? Domin amsa wannan, za a auna na'urar da abubuwa uku da aka riga aka sani, wato kasko da mai a kan gas, murhun gawayi, da kuma obin.

Ya kamata a fara sanin abin da ke cikinta. Kamfanin Tefal na Faransa ya fitar da wata mai suna ActiFry, sannan Philips ya gabatar da tasa na'urar a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin a 2010, kuma ita ce siffar da yawancin kamfanoni suke kwaikwayo har yau. A samanta akwai zoben ƙarfe mai ɗaukar zafi, a bayan zoben akwai fanka mai ƙarfi, a ƙasa kuma kwando mai ramuka inda ake zuba abinci. Fankar tana kaɗa iska mai zafin da ya kai digiri 200, iskar tana busar da bayan abincin har ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Ƙaramin obin ne mai saurin aiki, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa ya riga ya san rabin abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba.

Ma'aunan da za a bi

Abu na farko shi ne irin abincin da gidan yake ci a kullum, ban da na ranar suna ko na baƙi. Na biyu yawan bakin da ake ciyarwa a lokaci guda. Na uku wutar lantarki, samuwarta da kuma ƙarfinta, kuma a yankinmu wannan ma'auni yakan rinjayi sauran duka. Sai kuɗi, na saye da na yau da gobe. Sai ƙarko da samun mai gyara. Sai kuma wahalar aiki da haɗarin da ke tattare da kowanne, har da abin da ya shafi lafiyar jiki.

Na'urar suya da iska

Ta fuskar abinci, na'urar ta fi ƙwarewa a kan duk abin da yake da jiki, wanda za a iya ɗauka da hannu a ajiye a kwando. A ɗauki karfasa guda ta tafkin Lagdo, a wanke, a tsattsaga bayanta da wuƙa, a cusa mata daddakan tafarnuwa da citta da attarugu da gishiri, a shafa mai kamar cokali ɗaya, a sa a digiri 190. Cikin minti 15 zuwa 20, idan an juya ta sau ɗaya a tsakiya, fatar za ta yi ja ta ƙame, tsokar kuma ta tsaya da laushinta, ba fantsamar mai, ba ƙaurin da zai kama labule. Haka cinyar kaza da zabo, awara, dankali, agada da ta nuna, da gyaɗar da ake son gasawa ba tare da yashi ba. Wajen ɗumame kuwa babu kamarta, domin sambusa ko ragowar soyayyar kaza ta jiya suna komawa kusan yadda aka sauke su, abin da kasko ba ya yi sai an ƙara musu mai.

Matsalar ita ce, suyar da Bahaushe ya fi yi da safe da lokacin buɗa-baki ta ƙulli ce. Ƙosai yana tashi ne saboda mai mai zafi ya kama ƙullin nan take ya kulle iskar da aka buga a ciki. Idan aka zuba shi a kwandon na'ura zai tsiyaye ta ramuka, idan kuma aka sa shi a ƙananan gwangwanaye, abin da zai fito ya fi kusa da busasshen alale. Fanke, funkaso da makala duk hukuncinsu ɗaya. Waina tana bukatar tandarta. Tuwo da miyar kuka ko yakuwa, shinkafa da wake, kunu da taliya, waɗanda su ne ainihin girkin yawancin gidaje, ba su da wata alaƙa da wannan na'ura ko kaɗan. Saboda haka duk wanda ya ce za ta maye gurbin murhu, bai dubi abin da ake ɗorawa a murhun ba.

Girma ma abin lura ne. Ana sayar da su da lita, daga kamar lita 3 zuwa 6 ga masu kwando ɗaya, masu kwando biyu kuma sukan kai 8 zuwa 10. Sai dai lissafin litar yana ruɗi, domin abincin ba ya gasuwa da kyau sai an shimfiɗa shi bai hau kan juna ba, iska ta samu hanyar ratsawa. Faɗin gindin kwandon ne ma'auni na gaskiya. Mai lita 4 tana isar mutum biyu ko uku. Gidan da ake zuba wa mutum goma sha biyu abinci, ga almajiri ga maƙwabta, sai an yi zubi huɗu ko biyar, kuma kafin na ƙarshe ya fito na farko ya huce.

Yanzu ga batun wuta, inda maganar take da nauyi. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 2,000, masu kwando biyu ma sukan wuce haka. A wutarmu ta bolt 220, na'ura mai wat 1,500 tana jan kusan amfiya 7 ita kaɗai. Gidan da mitarsa ta amfiya 5 ce, iyakar abin da zai ɗauka wat 1,100 ne, don haka ana kunnawa wuta za ta yanke. Mai amfiya 10 zai ɗauke ta, amma idan firiji yana aiki aka kuma jona dutsen guga, an kai bakin iyaka. A gidan haya da ɗakuna da yawa suke kan mita ɗaya ana raba kuɗin wuta a ƙarshen wata, shigowar irin wannan na'ura kan zama sanadin cece-kuce tsakanin maƙwabta, kuma ba laifinsu ba ne.

Ga kuma samuwar wutar kanta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara ga madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya da rani, wutar da take bayarwa tana raguwa, a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar, masu megawat 30 idan aka haɗa su, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, sun rage matsalar amma ba su kawar da ita ba. Abin takaicin shi ne, watannin Maris zuwa Mayu da zafin Garwa yake haura digiri 40, lokacin da uwargida ta fi bukatar abin da zai raba ta da tsayuwa a kan tafasasshen mai, su ne watannin da wutar ta fi rashin tabbas. Idan aka ɗauke wuta kaza tana rabin gasuwa, dole a koma kasko. Ƙaramin janareta na fanka da talabijin, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai tayar da ita ba, haka ma solar gida ta fitilu da cajin waya. Sai mai inbata babba da batura masu yawa. A Chadi, inda kimanin mutum ɗaya cikin goma ne yake samun lantarki, wannan ma'auni kaɗai ya cire yawancin gidaje daga lissafi.

A wajen kuɗi, mutane da yawa suna tsoron cin wuta, alhali ba nan matsalar take ba. Na'ura mai wat 1,500 da ta yi minti 20 tana aiki ta ci rabin kilowat-awa, ko ƙasa da haka tunda zoben yana kashe kansa idan zafi ya kai. Kuɗin wutar gida a Kamaru yana tsakanin sefa 50 da 99 kowane kilowat-awa gwargwadon yawan abin da gida yake sha, don haka gashi ɗaya bai wuce sefa 25 zuwa 50 ba. Ribar tana wajen mai, amma a nan ma a yi lissafi da hankali. Gaskiya ne kasko yana bukatar lita guda ko fiye kafin a tsoma dankali, sai dai abincin ba ya shanye litar duka. Ana tace ragowar a sake amfani da shi. Abin da ake ragewa a zahiri shi ne man da abincin yake sha da wanda ake zubarwa idan ya yi baƙi. Mu ƙaddara an sayi na'urar sefa 40,000, tana rage wa gida lita ɗaya ta man angurya na Diamaor ko man gyaɗa a wata, kuma mu ƙaddara litar sefa 1,500 ce: sai an haura shekara biyu kafin ta mayar da kuɗinta. Gidan da yake suya kullum zai mayar da wuri, wanda kuma sai Juma'a-Juma'a yake soya kifi, ƙila na'urar ta mutu ba ta biya kanta ba. Kowa ya sa nasa farashin a wannan lissafi.

Ƙarko ya danganta da abu uku. Baƙin shafen da ke hana abinci kamawa shi yake fara lalacewa, musamman idan 'yan aiki ko yara suka sa masa soson ƙarfe, kuma samun kwandon canji a kasuwanninmu ba abu ne mai sauƙi ba. Na biyu shi ne allon dannawa na lantarki, wanda hawa da saukar wuta yake ƙonawa; mai maɓallin murɗawa guda biyu, ɗaya na zafi ɗaya na lokaci, ta fi jure wutarmu, kuma mai gyaran dutsen guga da fanka zai iya buɗe ta ya gane kanta. Na uku ƙurar hunturu, wadda take toshe hanyar iska idan ba a rufe na'urar bayan ta huce.

Haɗarinta ya fi na kasko sauƙi, amma akwai shi. Jona ta a siririyar wayar nan mai ramuka da yawa yana sa wayar ta yi zafi ta narke. Soket na bango mai kauri take bukata, da tazara tsakaninta da bango domin iska mai zafi ta bayanta take fita. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2023 an janye na'urorin Cosori kimanin miliyan biyu daga kasuwannin Amurka, Kanada da Meziko saboda wata mahaɗar waya da take yin zafi fiye da kima. Idan haka ta faru ga mai suna, sai a yi tunani a kan wadda ba a san ma wanda ya ƙera ta ba, araha ba ta ado. Ta fuskar lafiya, rage mai riba ce ta gaske, tunda cokalin mai ɗaya yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma an huta da man da aka soya sau biyar har ya yi duhu. Amma sinadarin akirilamaid, mai iya cutar da lafiya, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a 2002 cewa yana fitowa a abinci mai sitaci idan zafi ya wuce digiri 120, yana fitowa a na'urar ma, ba a kasko kaɗai ba. Maganinsa a jiƙa dankali a ruwa kafin gashi, a kuma sauke shi yana ruwan zinariya bai yi baƙi ba. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuwa, na'ura ba ta rage su.

Kasko da mai a kan gas

Wannan shi ne abin da ya kamata a auna kowane zaɓi da shi, domin murhun gas ɗaya yana tuƙa tuwo, ya dafa miya, ya soya ƙosai, ya dama kunu, ba ruwansa da an ɗauke wuta. Kasko babba yana soya na mutum biyu, yana soya na ashirin. Farashin hukuma na cika tukunya mai kilo 12.5 a Kamaru sefa 6,500 ne, wato sefa 520 kowane kilo, ko da yake a wasu garuruwan arewa da lokutan ƙaranci akan saya sama da haka. Kilo ɗaya na gas yana ba da zafin da ya kai kusan kilowat-awa 13, amma wajen rabinsa yana tserewa ta gefen tukunya, saboda haka idan aka daidaita, kuɗin makamashin suya a gas da na na'ura ba su da wani nisa da juna. Bambancin yana wajen mai.

Ƙarko kuwa ba a magana: kaskon ƙarfe ko na dalma da maƙeranmu suke zubawa yakan yi shekaru har a gaje shi, abin da ake canzawa a gas shi ne tiyo da kan tukunya, kuma ana samunsu a kowace kasuwa. Inda kasko ya gaza shi ne wahala da haɗari. Dole a tsaya a kansa daga farko har ƙarshe, mai yana fantsama, kifi yana tartsatsi, ga zafin gari. Kaskon mai a ƙasa a tsakar gidan da yara suke guje-guje yana cikin abubuwan da suka fi jawo mummunar ƙuna. Idan mai ya kama da wuta, ba a zuba masa ruwa ko kaɗan. A kashe gas a rufe kaskon da murfi. Yoyon gas kuma ana gwada shi da ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, ba da ashana ba.

Murhun gawayi

Kurfoti shi ne mafi arha wajen saye, kuma akwai ɗanɗanon da shi kaɗai yake bayarwa. Tsire, balangu, gasasshen kifi irin na bakin gadar Binuwai, masarar damina, duk ƙamshin hayaƙi ne ransu, kuma na'urar lantarki ba za ta kawo shi ba ko an zuba yajin duniya. Amma a matsayin makamashin kullum gawayi yana cin kuɗi a hankali, ƙulli-ƙulli, ba a ankara ba, farashinsa kuma yana tashi da damina. Hura shi yana ɗaukar lokaci, rage zafinsa sai da dabara. Haɗarinsa mafi girma shi ne shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi, domin yana fitar da iska mai guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. A Chadi gwamnati ta haramta gawayin itace tun wajen 2009 domin kare bishiyoyi, shi ya sa gas ya zama abin dogaro a Njamena.

Obin

Ƙaramin obin na lantarki yana jan wuta kamar na'urar suya, yana kuma daɗewa kafin ya yi zafi, don haka duk matsalar wutar da aka ambata ta shafe shi. Fifikonsa faɗi ne: kaza biyu, faranti guda na kek, ko burodi. Obin da yake haɗe da murhun gas mai kai huɗu ya tsira daga matsalar wuta, sai dai tsadarsa ta fi ta kowanne a nan.

| Ma'auni | Na'urar suya | Kasko a kan gas | Gawayi | Obin |
|---|---|---|---|---|
| Abinci | Kifi, kaza, awara, dankali, ɗumame | Kusan komai | Dahuwa, suya, gashi | Gashi, kek, burodi |
| Ƙosai da fanke | Ba ta yi | Yana yi | Yana yi | Ba ya yi |
| Yawan mutane | 2 zuwa 4 | Kowane adadi | Kowane adadi | Gida matsakaici ko babba |
| Dogaro da lantarki | Gaba ɗaya | Babu | Babu | Sai idan na lantarki ne |
| Kuɗin saye | Matsakaici zuwa mai yawa | Matsakaici | Kaɗan | Mai yawa |
| Cin mai | Kaɗan ƙwarai | Mai yawa | Ya danganta | Kaɗan |
| Ƙarko da gyara | Kwando da allo suna lalacewa | Shekaru, gyara a ko'ina | Arha a sake saye | Na gas ya fi daɗewa |
| Babban haɗari | Zafin waya | Ƙunar mai, yoyon gas | Hayaƙi, iska mai guba | Ƙuna, zafin waya |

Kafin a biya kuɗi

Wanda ya yanke shawarar saye ya juya na'urar ya karanta takardar da ke gindinta. Ya tabbata an rubuta bolt 220 zuwa 240, domin kayan gwanjo na Amurka na bolt 120 ne, ana jona su a wutarmu za su ƙone. Waɗanda suke shigowa ta Yola da Mubi sukan zo da kan jonawa mai ƙafa uku irin na Ingila, alhali soket ɗinmu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Gara mai gyaran wuta ya canza kan gaba ɗaya da a riƙa amfani da ƙaramin mahaɗi mai arha da zai narke. A sa mai shago ya kunna ta a gabanka na wasu mintuna, a saurari fankar, a shafa cikin kwandon a ji ko shafen ya fara ɓarewa.

Wa ya dace da wanne

Gidan da har yanzu itace ko gawayi ne makamashinsa na kullum, kuma kuɗin abu ɗaya ne a hannu, ya sayi tukunyar gas da murhunta. A ganina wannan ba ya bukatar dogon tunani, domin gas zai taɓa kowane girki na gidan, na'urar kuwa kaso kaɗan za ta taɓa. Sabbin ma'aurata, ma'aikacin da aka turo aiki Garwa ya bar iyali a gida, ko ɗalibai biyu a Ngaundare da suke da mita mai ƙarfi, su ne na'urar za ta fi yi wa amfani, muddin akwai gas a gefe saboda ranar da babu wuta. Haka gidan da likita ya ce wa maigida ko Hajiya su rage maiƙo: ana iya gasa musu nasu kifin daban a na'ura mai lita 4, sauran jama'ar gida su ci na kasko, kuma a nan ƙanƙantarta ba aibi ba ce.

Babban gida mai mutum goma zuwa sama, idan gashi yake so, obin na gas ya fi masa. Mai yin kek da cincin na sayarwa ta haɗa obin da kasko. Wadda take zaune a unguwar da wuta take zuwa da tsakar dare ta tafi da asuba, ko take kan mita ɗaya da maƙwabta, ta adana kuɗinta har yanayin ya canza. Mai sana'ar ƙosai, fanke ko awarar sayarwa a ƙofar gida ba ta da abin yi da na'urar da take ɗaukar yanka goma a zubi ɗaya. Naman layya kuwa, wanda ake soya rago guda cikin kitsensa domin ya yi watanni bai lalace ba, aikin babbar tukunya ne da wuta mai ƙarfi a tsakar gida, ko da akwai na'ura biyu a ɗakin girki.